Sandar da Ta Suɓuce

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, in ba mai tsawo ba ce.

Kafin ruwan butar nan ya huce mun gama. Ku matso.

Ovidio yana kan tsani yana ɗaure allon shagonsa na gyaran kekuna sa'ad da motar asibiti ta karyo kwanar layinmu ba jiniya. Ta tsaya a ƙofar gidan da ke kallon nasa, aka buɗe bayanta, aka sauko da Fermin a keken marasa lafiya. Mu da muka daɗe a garin Rosario mun san in motar asibiti ta maido mutum haka a hankali, likitoci sun gama nasu ke nan.

Fermin, wanda duk gari ke kira Dogo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma baƙin tabaraunsa na nan a fuska, gashinsa fari fat har kafaɗa. Wasu samari biyu da ke wucewa suka ja birki, ɗaya ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Dogo ya ɗaga musu yatsu biyu.

"Dube shi," in ji Ovidio daga kan tsani. "Ƙafa ɗaya a kabari, amma sai ya yi wa jama'a gaisuwar gwamna."

Matarsa Delfina tana riƙe masa tsanin. "Sauko kafin su haɗa da kai su koma," ta ce. "Kuma ka tsallaka ka gaishe shi."

"Yana da masu gaishe shi."

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ke cin tsohon nan.

A layin nan aka haife su duka biyun, ƙofa da ƙofa. Ovidio ne ya fara kiɗan ganguna, shi ya koya wa Dogo riƙon sanda a kan tukwanen uwarsa. Shi ne kuma makaɗin wata ƙungiyar samari masu jita da dogon gashi, Karnukan Tasha, tun suna wasa a garejin mutane ana korarsu. A shekarar alif ɗari tara da tamanin da uku, shekarar da sojoji ke tattara komatsansu za su koma bariki, kowa yana jiran zaɓe yana magana ƙasa-ƙasa don bai saba da ɗaga murya ba, aka ce su zo a ɗauki faifansu na farko. Su kansu a lokacin cikin sauyi suke: mai jita ya tafi an kawo sabo, mawaƙin ya aske gemu ya canza salon waƙa.

Waƙa guda suka ɗauka da Ovidio, "Laraba a Bakin Kogi". Ana dab da gama ta sandar hannunsa na dama ta suɓuce. Ta bugi ƙafar ƙarfen ganga, ta yi tsalle biyu, ta gangara a kan katako. Bai tsaya ba. Ya ƙarasa waƙar da sanda ɗaya da tafin hannu. Mai ɗaukar sauti ya ce zaren kaset ɗin da ya rage ba zai isa a sake ba, a bar ta haka.

Washegari hawan jini ya bugi mahaifin Ovidio, ya faɗi a tsakiyar shago tsakanin tayoyi. Ovidio ya tsallaka titi ya ce da Dogo, "Riƙe mini kujerata sati biyu."

Sati biyun nan ne har yau ba su ƙare ba.

Dogo ya kaɗa sauran waƙoƙi tara. Aka ɗauki hoton bangon faifai da fuskoki huɗu, tasa a ciki. Mawaƙin ya ce sunan makaɗa biyu zai rikita mutane. Faifan ya fito sati guda bayan zaɓe, kuma ba na jin akwai gidan da bai shiga ba. In aka zo wurin nan da sanda ke faɗuwa, sai ka ga mutane sun yi tsit. Suka ce ai sandar soja ce ta faɗi, ga ɗan Adam ya ci gaba da hannunsa tsirara. Daga nan, duk inda Karnukan Tasha suka yi wasa, in aka kai wurin, Dogo ya ɗaga sanda ya sake ta, fili ya ɗauki ihu. Aka sa wa abin suna jifan Dogo.

Sau ɗaya Ovidio ya taɓa faɗin gaskiya, a wata mashaya, faifan yana ta juyi. Aka yi dariya har da masu buga tebur. Wani ya ce, "Ni ma kakata ce ta kaɗa jitar." Tun ranar bai sake ba. Ya ci gaba da like tayoyi, yana kallon motocin da ke zuwa ɗaukar maƙwabcinsa zuwa filin jirgi. Suna gaisawa, kada ku ce ba sa gaisawa. Ran Lahadi ma sukan ci taliya tare in Delfina ta matsa. Amma in rediyon shago ya saki waƙar nan, Ovidio yakan tuna yana da aiki a bayan gida.

Yanzu mawaƙin ya mutu, mai ɗaukar sauti ya mutu, sauran biyun ɗaya ya bi su, ɗaya yana ƙasar Sifen bai ma san sunan 'ya'yansa ba. Duk duniya mutum ɗaya ya rage wanda in ya faɗa za a yarda, ga shi an maido shi gida ba jiniya.

Kwana biyu Ovidio yana leƙe ta tagar shago. Furanni suna taruwa a bakin ƙofar Dogo tun yana da rai. A rana ta uku Amalia, 'yar Dogo tilo, wadda ta bar aikinta ta zo jinya, ta tsallako da ƙoƙon shan mate, shayin ganyen nan namu, a hannu.

"Kawu, Baba ya ƙi shan nawa. Wai na ƙona ganyen da ruwan zafi. Wai duk layin nan kai kaɗai ka san ruwa."

"Ni yaron gidanku ne?"

"Haka ya ce za ka ce. Ya ce in ce maka ka zo da butarka, tamu ba ta da kirki."

Delfina ta riga ta ɗora butar a wuta.

An sa wa Dogo gado a falo, kusa da taga. Bangon cike yake da hotuna da faya-fayai a cikin gilashi, Ovidio ya zauna ya ba su baya. Ya cika ƙoƙo da ganye, ya karkata shi, ya soka bututun ƙarfe, ya zuba ruwa. Ya shanye na farko mai ɗacin nan kamar yadda mai zubawa ke yi, ya sake zubawa ya miƙa.

Dogo ya zuƙa kaɗan. "Ka tsufa, mai faci."

"Kai kuma ka yi kyau, kamar tsintsiya da tabarau."

"Likita ya ce in daina shan wannan."

"To daina."

"Don in ƙara kwana nawa? Zuba."

Haka suka yi kwana huɗu, kullum da hantsi. Hirar ƙwallo, hirar waɗanda suka mutu, hirar farashin nama. Ovidio yana komawa gida bai taɓo maganar sandar ba. Ran Alhamis Amalia ta faɗa a gabansu cewa kamfanin faifai zai sake fitar da faifan don cikarsa shekara arba'in, da ɗan littafi a ciki, kuma wata mata za ta zo daga babban birni ran Asabar ta ɗauki bayanin Baba.

"Bayanin Baba," in ji Ovidio da ya koma gida. Ya ajiye butar da ƙarfi. "Zai sake ba su labarin nan, wai ya tuna abokansa da aka kama, hannunsa ya buɗe da kansa. Na ji shi a talabijin ya fi sau goma. Kullum ƙara masa gishiri yake."

"To ka tambaye shi," Delfina ta ce.

"In roƙe shi abin da yake nawa?"

"Shekara arba'in ba ka roƙa ba, ga ka nan da gyambon ciki. Ni dai na gaji da kashe rediyo."

Ran Juma'a Amalia ta fita sayo magani, ta bar su su biyu. Dogo ya cire tabarau. Idanunsa sun faɗa, sun yi rawaya.

"Ɗauko mini akwatin can na ƙarƙashin kujera."

Ovidio ya jawo shi. Sandunan kiɗa ne cike, tsofaffi, wasu sun tsage.

"Ɗauki ɗaya ka sake ta a ƙasa."

"Ban zo wasa ba."

"Sake ta, tsohon banza."

Ovidio ya saki sandar. Ta yi ƙwas a kan daɓe ta kwanta.

"Ka ji? Ba haka ba ne," in ji Dogo. "Taka ta ce tan, sannan tak, tak, sannan ta yi gurrr. Shekara arba'in ina sakin sanda a gaban jama'a. Na gwada a katako, na gwada a siminti. Na sa an kawo mini irin ƙafar ƙarfen nan. Na canza nauyin sanda. Ko sau ɗaya ba ta yi kukan taka ba. Su ba sa ji, ihu suke yi. Ni ina ji."

Ovidio ya tsince sandar ya mayar da ita cikin akwatin.

"Waƙa tara na kaɗa a faifan nan. Ta bakwai, sai da yatsuna suka fashe. Wa ya taɓa tare ni a titi ya tambaye ni ta bakwai? Kowa sai Laraba, Laraba. Su rungume ni suna kuka, ni kuma in tsaya kamar wanda ya sa rigar aro ya je biki."

"Rigar ta kai ka Meziko," Ovidio ya ce. "Ta kai ka Madrid. Ni ina na je? Na ga tayar gaba, na ga tayar baya."

"Ka ga Delfina kowace safiya. Ni tawa a filin jirgi na ji labarin ta kwashe kayanta."

"Kada ka sa matata a ciki. Sati biyu na ce."

"Ka dawo bayan sati biyun?"

"Ubana yana kwance."

"Bayan ya rasu fa? Ka tsallako ka ce tashi? Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofarka da tawa, na ƙirga."

"Da na ce tashi, za ka tashi?"

Dogo ya ja numfashi da ƙyar. Ya ce, "A'a."

"To."

Butar ta fara hucewa. Ovidio ya dube ta, ya dubi bango, sannan ya yi tambayar da ya haɗiye shekara arba'in, muryarsa ta fito ƙarama kamar ba tasa ba.

"Gobe za ka faɗa wa matar kamfanin gaskiya?"

Dogo ya mayar da tabaraunsa. "Ganyen nan ya wanke. Canza shi."

Ran Asabar Ovidio ya ce ba zai je ba. Ya buɗe shago, ya kifa wani keke, ya kwance sarƙarsa ba gaira ba dalili. Da ya hango tasi ta tsaya, wata budurwa ta fito da jaka a kafaɗa, sai ya goge hannu a wando ya ɗauki buta.

Sunanta Himena. Ta durƙusa a gaban gadon kamar a coci, ta ce ubanta da faifan nan ya nemi uwarta. Ta ajiye na'urar ɗaukar murya a kan bargo. Da Ovidio ya fara zuba ruwa ta juyo da ladabi.

"Baba, don Allah ka ɗan matsa baya, ƙarar butar tana shiga."

Ya matsa. Ya zauna kusa da ƙofa, inda ake ajiye lema.

Ta yi tambayoyi kan mawaƙin, kan shekarar zaɓe, kan yadda aka canza mai jita ana tsakiyar aiki. Dogo yana amsawa a hankali, yana hutawa, Amalia tana jiƙa masa leɓe. Ovidio yana jin kowace amsa kamar ana taka masa yatsa. Can ta gyara zama.

"Baba Fermin, na san an tambaye ka sau dubu. Amma don littafin. Sandar nan. Me ya zo maka a rai a daidai lokacin?"

"To," in ji Dogo, da muryar nan tasa ta talabijin. "Lokaci ne da kowa yake da wanda aka ɗauke masa. Ina zaune a bayan ganguna, sai na tuna..."

Ovidio ya miƙe, ya kama hannun ƙofa.

"Zauna, mai faci, ban gama ba." Dogo ya yi tari mai tsawo. "'Yata, na'urar tana ɗauka? To. Abin da na saba faɗa ke nan, kuma ƙarya ce. Ranar ko ɗakin ɗaukar sautin ban shiga ba, ina gidan nan ina barcin rana. Ga wanda ya kaɗa Laraba can, wanda kika kora wurin lema."

Himena ta juya. Amalia ta tsaya da auduga a hannu.

"Baba?"

"Ki yafe ni, Amalia. Sauran taran nawa ne, ki riƙe su." Ya ɗaga yatsa. "Kuma ki rubuta da kyau, 'yata, kada ki ce wata hikima ce. Babu soja, babu komai. Daga shagon ubansa ya taho a guje bai wanke hannu ba. Man keke ne. Santsi."

Da kun ga fuskar Ovidio. Shekara arba'in yana jiran wannan rana, ya sha tsara ta a ransa yana like taya, amma bai taɓa tsara ta da man keke a ciki ba.

"Na wanke hannuna," ya ce.

"Bai wanke ba."

"Da sabulu na wanke. Kuma ina sane na sake ta."

"Ji maƙaryaci. Kai ka gaya mini da bakinka a bakin famfon can, kana cewa ka ɓata musu waƙa, za su kore ka."

"Ko da ta suɓuce, wa ya ƙarasa da tafin hannu? Man keke ne ya ƙarasa?"

"Wannan kam kai ne," in ji Dogo. "Wannan ne ban taɓa iyawa ba. Rubuta wannan ma."

Amalia ta fara dariya, dariyar ta juye mata, ta fita tsakar gida. Himena ta ɗauki na'urar ta zo har wurin lema, ta durƙusa.

"Baba, cikakken sunanka?"

"Ovidio Skarafiya." Ya duba hannuwansa. Baƙin man sarƙar ɗazu yana nan a ƙarƙashin farce. Ya ɓoye su a bayan buta.

Bayan ta tafi ya canza ganye ya zuba sabo. Dogo ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu, ya zuƙa har bututun ya yi ƙara, ya miƙo.

"Na gode."

Kun san a wurinmu ba a yi wa mai zuba mate godiya sai in an ƙoshi ba a son ƙari. Ovidio ya karɓi ƙoƙon bai dube shi ba.

"Ka tozarta ni a gaban baƙuwa."

"Na ba ka sunanka."

"Da maiƙo a jiki."

"Yadda na same shi ke nan."

Lahadi da Litinin Ovidio ya tsallaka da buta, Dogo yana barci. Ya zauna ya sha shi kaɗai. Ran Talata da hantsi, yana cikin zuba ruwa, Amalia ta dafa kafaɗarsa, Dogo ya cika. Ya ajiye butar a hankali, ya miƙa hannu ya cire wa mutumin tabarau, ya naɗe shi ya sa a aljihun rigarsa ta barci.

Ranar jana'iza layinmu bai ɗauki mutane ba. Tsofaffi masu furfura da rigunan fata, 'yan mata da jarirai, wasu tun daga garin Kordoba. Kusan kowa da sandar kiɗa a hannu. Da motar gawa ta taso, wani ya kunna waƙar daga tagar bene, aka bi motar a hankali, har waƙar ta zo wurin faɗuwar sandar. Sai duk suka ɗaga hannu suka saki. Sanduna ɗaruruwa suka zubo a kan kwalta kamar ƙanƙara a kan kwano.

Ovidio yana tsaye a ƙofar shagonsa da baƙar kwat ɗin aurensa. Wata mata kusa da shi tana share hawaye ta ce, "Ba za a sake yin makaɗi irinsa ba."

Ya buɗe baki. Delfina ta matse masa hannu.

"Ko ni aka ɗauko," ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "mutum nawa za su zo?"

"Ni zan zo, in ba ni da wanki. Tafi ka kama wa Amalia hannu."

Ya je ya kama. Har maƙabarta bai sake ta ba.

Da suka dawo da la'asar, titi ya watse, sanduna suna nan zube, motoci suna bi ta kansu. Ovidio ya cire kwat, ya ɗauko kwandon keke, ya bi layi yana tsincewa yana ƙunƙuni, wai za su fasa wa mutane taya. Ya ɗauki wata ya juya ta a hannu, ya waiga hagu da dama, ya sake ta. Ta yi ƙwas ta kwanta. Ya tsince ta ya jefa a kwando.

Faifan ya fito bayan wata biyar. A shafi na goma sha ɗaya na ɗan littafin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta wanda ya kaɗa ganguna a waƙa ta huɗu, wato Laraba, an kuma rubuta batun man keke, ba a rage ko kalma ba. Delfina ta karanta masa sau biyu da tabaraunta. Mutum uku suka zo shagon neman ya sa musu hannu, ɗaya daga ciki da tayar da ta yi faci. Sauran gari har gobe jifan Dogo suke cewa.

Amalia ta sayar da gidan ta koma bakin aikinta, takan bugo waya ran Lahadi. Himena ta aiko da kati. Delfina ta daina kashe rediyo. Ovidio yana nan yana gyaran kekuna, in waƙa ta bakwai ta zo yakan ajiye sifana ya saurara har ƙarshe, ya ce ba laifi. Sandunan kuwa ya kai su bayan gida ya kafa wa tumatir ɗinsa, kowane tushe da tasa, ya ɗaure da tsummokin tsohuwar riga. Bana sun yi 'ya'ya har sun sunkuya.

Ƙurunƙus, ruwa ya huce. Wani ya mayar da butar wuta.